Gam ɗin ƙarfen gyaran haƙori: me yasa na wasu yake ɓallewa?

Wai da wane irin gam ake manna waɗannan ƙananan ƙarafan daidaita haƙora da ake kira biraket a jikin haƙori?

Ba sufa gulu bane dai, tunda naga wasu haka suke zato. Wani gam ne na musamman dangin wanda ake cike ramin haƙori dashi, yana nan kamar man goge baki mai kauri har sai likita ya haska masa shuɗiyar fitilar nan sannan ya daskare. Wanda asibitoci suka fi sani shine Transbond XT da kamfanin 3M ya fito dashi, kusan duk sabon gam da shi ake gwada shi.

To ya yake kama haƙori alhali haƙori sumul yake?

Ai shi yasa ake fara shafa asid, galibi fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari, a barshi daƙiƙa 15 zuwa 30 a wanke a busar, zakaga wurin yayi fari fat babu sheƙi. Asid ɗin ya huhhuda ɓawon haƙorin da ramukan da ido baya gani, gam ya kwarara ciki ya daskare, kamar yadda magini ke sassara bango kafin yayi filasta. Michael Buonocore ne ya fito da dabarar a Amurka a 1955, sai a 1965 George Newman ya manna biraket kai tsaye a haƙori, kafin nan zobe ake zura wa haƙora ɗaya bayan ɗaya, baki duk ƙarfe.

Ƙarfin riƙon nawa ake so, ba gara mafi ƙarfi ba?

A'a fa. Da megafaskal ake aunawa, wato ma'aunin ƙarfin danni, a ɗauko haƙorin da aka cire a manna masa biraket a sa inji yayi ta dannawa har ya ɓalle, kuma adadin da ake ta ambata tun 1975 daga wani mai bincike Reynolds shine wajen megafaskal 6 zuwa 8 ya isa. Dalili kuwa wannan mannin na wucin gadi ne, shekara ɗaya da rabi ko biyu za'a cire, in gam ya kama fiye da kima ranar cirewa sai ya taho da ɓawon haƙori, shi kuma ɓawon nan baya sake tsirowa. Biraket na tangaran, masu launin haƙori da 'yan gayu ke so, sun fi wannan haɗarin don basa lanƙwasuwa kamar ƙarfe. Shi yasa likitoci da yawa sun gwammace ragowar gam ya tsaya a jikin haƙori su goge abinsu a hankali. Kuma ni a ganina bai kamata a ruɗu da lambar ɗakin gwaji ba, haƙorin da ke cikin inji baya tauna kilishi.

Nawa ya ɓalle sati biyu da sakawa, gam ɗin ne jabu?

Da wuya. In ya faɗi da wurwuri yawanci yawu ne ya taɓa wurin bayan asid kafin a manna, ɗan danshi kaɗan ya isa ya toshe ramukan, shi yasa turame na can ciki suka fi ɓallewa. In kuma an ɗau watanni to a binciki baki: goro, aya, rake, ƙanƙara, tauna ƙashi, buɗe lemo da haƙori. Wanda yayi bilicin haƙori kwanan nan ma ana cewa ya jira kamar sati biyu don maganin yana rage riƙo.

Masu haƙora masu tabon ruwan ƙasa fa?

In yawan fuloraid a ruwan sha ne ya jawo, irin abinda ya faru a Tibiri ta jihar Maraɗi, to ɓawon yana yiwa asid gardama, likita kan ƙara lokaci ko ya ɗan kankare saman tukunna.

Akwai wanda danshi baya damunsa?

Akwai dangin gilas ayonoma irin su Fuji Ortho LC, yana jure ɗan danshi yana kuma sakin fuloraid da ke rage farin tabon da ke fitowa a gefen biraket, sai dai a gwaji riƙonsa yakan ɗan gaza na irin su Transbond XT.

In ya ɓalle in manna da kaina?

Kar ma ka soma. In yana lilo a jikin wayar da ta ratsa ta cikin biraket ɗin barshi a nan, in yana sukar kumatu ka liƙa masa kakin da aka baka a asibiti, ka kira asibiti su baka rana.