Mazaunin giranda a garejin gyaran babur

Mazaunin giranda shi ne tsayayyen ƙarfen da ake ɗaure injin giranda a kansa, wato injin nan mai dutse biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda makanikai ke wasa kayan aiki da kankare tsatsa da shi. Masu farfaɗo da tsofaffin babura a gida sun fi son mazauni mai zaman kansa a kan ɗora injin bisa tebur, domin girgizarsa tana zubar da ƙananan notina, ƙurar dutsen kuma tana shiga cikin injin babur da aka buɗe.

A Legas akwai ƙarin dalili. Makanikan Arewa da ke Agege, Idi-Araba da Mile 12 yawanci a ɗan lungu ko ƙofar gida suke aiki, inda babu filin ajiye babban tebur. Ga kuma damshi da iskar teku mai gishiri, waɗanda ke sa babur ya yi tsatsa da wuri fiye da yadda yake yi a Kano ko Sakkwato. Tun da gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, daga 1 ga Yuni 2022, babura irin su Bajaj Boxer da aka jingine a bayan gida sai ƙarfensu ya riƙa cinyewa. Tayar da irin wannan babur da burushin waya da ake ɗaurawa a giranda yake farawa.

Sassan mazaunin uku ne: gindi, ginshiƙi da farantin sama. Gindin ne ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa rowa. Wutar Najeriya mai ƙarfin volt 230 ce a kan hertz 50, don haka giranda ta gama-gari tana juyi kusan 2,850 a minti ɗaya. Dutse mai faɗin milimita 150 ko 200 da ke gudu haka, in bai daidaita ba ko kaɗan, sai ya sa mazauni maras nauyi ya riƙa tafiya da kansa a kan siminti. Masu walda kan ɗauki tsohon rim na mota ko gangar birkin babbar mota, su kafa bututun ƙarfe mai kauri a tsakiya, su cika ramin da kankare. Irin waɗannan ƙarafa ana samun su a kasuwar Owode Onirin da ke hanyar Ikorodu da kasuwar Ladipo a Mushin. Wanda yake da wuri na dindindin ya fi dacewa ya ɗaure gindin da ƙasa da bol. Ɗan haya kuwa nauyi zai ƙara, ya shimfiɗa yankin tsohuwar taya a ƙasa don rage ƙara da girgiza. Wasu na zuba yashi a cikin bututun ma.

Tsayi ana auna shi da mai aikin: tsakiyar dutsen ya zo daidai gwiwar hannunsa. Farantin sama a huda shi daidai ramukan ƙafar injin, a sa roba a tsakani.

Wajen ɗaura dutse ne ake samun haɗari. Kafin a sa sabon dutse, ana rataye shi a yatsa a ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Lafiyayye yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ya yi ƙarar bushe, kuma irinsa ba a ɗaura shi. Gudun da aka rubuta a jikin dutsen kada ya gaza gudun injin. Notin da ke riƙe dutsen ɓangaren hagu baibai yake ɗauruwa, abin da kan rikita sabon yaron shago har ya lalata zaren. Matokarin da ake ɗora ƙarfe a kai kada tazararsa da dutse ta wuce milimita 3, in ba haka ba ƙarfe kan faɗa tsakani ya ja yatsa. Idan an kunna injin da sabon dutse, a tsaya a gefe a bar shi ya yi kamar minti ɗaya.

Masu gyaran babur kan cire dutse ɗaya su sa burushin waya don bol, sarƙa da maƙalan salansa, ko fayafayan ƙyalle da sabulun goge ƙarfe don fito da ƙyallin murfin inji. Murfin nan alminiyam ne, ba a kai shi kan dutse mai ruwan toka na wasa ƙarfe: yana toshe idon dutsen, ya yi zafi, garinsa kuma in ya gauraya da garin tsatsa yana iya kamawa da wuta. Burushin yana harba guntayen waya, shi ya sa tabarau ya zama dole, safar hannu da babbar riga kuwa sai a cire su.

Wurin kafa mazaunin ya yi nisa da tankin babur da jarkar fetur, a juya tartsatsin ya fuskanci bango. Idan janareta ake amfani da shi, a sani cewa injin giranda yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, don haka ƙaramin janaretan gida kan sarƙe ko ya mutu kafin dutsen ya kai gudunsa.