Shaƙuwar Ƙananan Yara da Allon Waya a Zariya

Shaƙuwa da allo hali ne da ƙaramin yaro, musamman ɗan ƙasa da shekara 6, kan shiga har ya zama ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya daina kuka sai an kunna masa waya ko talabijin. Ba ta da suna nata na kanta a kundin cututtuka. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019 shi ne matsalar kamuwa da wasannin gem, wadda ta fi addabar matasa da manya. Duk da haka likitocin yara da malaman makaranta suna ɗaukar lamarin da muhimmanci, domin sa'o'in da yaro ya ɓatar a gaban allo daga lokacin hira da wasa da barcinsa aka yanke su.

Sunan

A Zariya kalmar allo tana da tsohon gida. Garin ya yi suna da karatu tun kafin zuwan boko, kuma allon da kowa ya sani shi ne na katako, wanda malam ke rubuta wa yaro da tawada da alƙalamin kara, ya biya masa, ya hardace, a wanke a sake wani. Da talabijin da waya suka zo, sai Hausa ta ara musu wannan suna, aka ce allon talabijin, allon waya. A da, yaro kan kai shekara huɗu ko biyar kafin a ɗanka masa allonsa na farko a zauren malam. Yanzu a gidaje da yawa allon gilashi ne ke riga na katako isa hannunsa, wani lokaci tun yana rarrafe. A bakin iyaye kuwa ba a cika cewa allo ba. Cewa ake yi yaro ya cika son kallo, ko ya cika danne-dannen waya, ko ba ya cin abinci sai da katun.

Yadda abin ya shigo

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. A wancan zamani kallo yana da lokaci kuma yana da wuri. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, da dare kuma a rufe ta. Akwatin talabijin ba kowane gida ba, don haka yaran unguwa kan taru a tsakar gidan mai shi, su zauna a tabarma, su yi ta gardama a kan abin da suka gani har a hanyar komawa gida. In wuta ta ɗauke, kallo ya ƙare.

Kaset ɗin bidiyo da fina-finan Hausa na shekarun 1990 sun tsawaita zaman, amma babban sauyi ya zo ne da wayar salula, wadda ta fara aiki a ƙasar a 2001. Bayan shekara goma da 'yan kai, wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel suka cika kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada. Ko wanda ba shi da kuɗin data yana iya zuwa wurin masu tura fina-finai a cika masa mimori da katun da waƙoƙi. Manhajar YouTube, wadda aka kafa a 2005, ta fitar da sashe na musamman don yara a 2015. Sai kuma annobar korona ta 2020, da aka rufe makarantu aka tsare yara a gida wata da watanni. Iyaye da dama daga nan suke ƙirga farkon shaƙuwar 'ya'yansu.

Bambancin waya da talabijin shi ne ita ba ta da lokacin rufewa, ba ta jiran wuta muddin akwai caji, kuma tana bin yaro har kan katifa. An ƙera manhajojinta ta yadda bidiyo na ƙarewa wani zai kama, ga launuka masu ƙyalli, ga hoto na sauyawa cikin daƙiƙoƙi. Babba ma yakan sha wuya kafin ya ajiye, balle ɗan shekara biyu.

Dalilan da ke cikin gida

Ba daidai ba ne a ɗora wa iyaye mata laifin sakaci, kamar yadda ake yawan yi. Uwa ce ita kaɗai, tuwo na kan wuta, ga wanki, ga jariri a baya, ɗan yayen kuma ya riƙe mata zane yana cewa, "Umma, ki ba ni waya in yi kallo." Ta miƙa masa, gida ya yi tsit, ta samu ta tuƙa tuwonta. Wa zai ce ba ta da hujja? Matsalar ita ce gobe ma haka za a yi, jibi kuma yaron ya gane cewa kuka ne kuɗin sayen waya.

Abin da ya canza shi ne tsarin zama. A babban gida irin na cikin Birni, yaro yana da hannaye da yawa: kaka, goggo, matan baffanni, yayye da 'yan uwan wasa. In uwa na aiki, akwai mai ɗauka. Ma'aurata da yawa yanzu suna zaune ne a gidan haya ko gidan kansu a Samaru, Hanwa, Gyallesu da sababbin unguwanni, daga su sai 'ya'yansu, ƙofa a garƙame. Tsoron satar yara da yawan babura da motoci sun sa ba a sakin yaro ya fita kamar da. Filayen da ake dandali a cikinsu an gine yawancinsu. Akwai kuma alfahari: uba na jin daɗi in baƙi suka ga ɗansa ya iya buɗe waya da kansa, ko yana rera waƙar Turanci da ya ɗauka a katun, a ce yaron yana da ƙwaƙwalwa.

Abin da bincike ya nuna

Fannin da ya fi ƙarfin hujja shi ne koyon magana. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka suka gwada jarirai 'yan wata 9 da ba su taɓa jin harshen Sinanci ba. Wasu aka zaunar da su da mutum yana yi musu magana da wasa cikin harshen har sau 12, wasu kuma aka nuna musu irin wannan magana a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda suka kalli bidiyo ba su fi wanda bai ji komai ba. Jariri yana koyon harshe ne ta ba-ni-in-ba-ka: ya yi gwalantu a amsa masa, ya nuna akuya a ce masa "akuya ce", ya kalli fuska a yi masa murmushi. Allo ba ya amsawa.

Barci shi ne na biyu. Hasken allo da dare yana jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke sa jiki ya ji barci, abin da ake kallon kuma yana hana hankali kwanciya. Na uku ido ne. Yawan duban abu kusa-kusa da ƙarancin fita cikin hasken rana suna da alaƙa da matsalar rashin hangen nesa, shi ya sa tun 2010 Taiwan ta umurci makarantunta su riƙa fitar da yara waje na tsawon awa biyu a rana. Yaron da ake ɗura wa abinci idonsa na kan katun kuma ba ya koyon gane ƙoshi da yunwa da kansa.

Mafi yawan binciken alaƙa kawai yake nunawa tsakanin yawan kallo da jinkirin magana ko gajen haƙuri, bai tabbatar da cewa kallon ne sanadi ba. Wani lokaci yaron da dama yake da rigima shi aka fi miƙa wa waya. Haka nan ba duk kallo ne ɗaya ba. Kiran bidiyo da mahaifi da ke aiki a Abuja ko Legas hira ce ta gaske, kuma shiri mai kyau da uwa ta zauna ta kalla tare da ɗanta tana yi masa bayani ya sha bamban da barin yaro shi kaɗai a ɗaki da waya.

Ƙa'idojin masana

A watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 a gaban allo. Daga shekara 2 zuwa 4, kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Ta kuma ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, da barcin awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara 1 zuwa 2, da awa 10 zuwa 13 ga ɗan shekara 3 zuwa 4. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da makamanciyar wannan a 2016, ta keɓe kiran bidiyo da dangi.

Abin da allo ke turewa

Nan ne asarar ta fi ciwo, kuma ita ce ba a iya aunawa da ma'auni. Ƙuruciyar Bazazzage cike take da ƙananan abubuwan jin daɗi da ba sa cin ko kwabo, kowane lokaci na shekara da nasa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, yara su fito tsirara suna tsalle a ƙarƙashin indararo, da dare a kewaye fitila ana kama shinge. Da kaka ga gyaɗa ɗanya da masara gasasshiya, ga karan dawa da ake fiƙewa a ƙera mota. Hunturu ya shigo, a tsuguna a bakin murhu ana jin ɗumi, ana jiran ƙosai da koko, da rana a sha rake a yi gasar wanda zai fi tsotse gaɓa. Da bazara mangwaro ne, da audugar rimi da iska ke kwasowa daga manyan itatuwan da har unguwanni suka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko, yara na bin ta da gudu suna cafkewa.

Wasannin ma kowanne da abin da yake koyarwa ba tare da an ce ana koyarwa ba. Langa tana ƙarfafa ƙafa. Carafke tana haɗa ido da hannu, ga ƙirga. Gaɗa tana cika bakin yarinya da waƙa da kalmomi. A tuwon ƙasa da 'yar tsana ake fara kwaikwayon zaman gida, a ɓuya kuma ake koyon jiran layi da haɗiye haushin an kama ka. Yaron da ya tura taya da kara tun daga Ƙofar Doka ya dawo gida da ƙura har gira ba ya buƙatar lallashi kafin ya yi barci.

Sai tatsuniya, bayan sallar isha'i. Kaka ta shimfiɗa tabarma, ta jawo jikanta tana tsokanarsa, "Zo nan maigidana, yau ko cefane ba ka ba ni ba." Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," a amsa, "Ta zo mu ji ta." Gizo da Ƙoƙi ba su da hoto, kowane yaro shi zai zana su a ransa. Yana iya katse ta ya tambayi me ya sa kura ta yarda, ta dube shi ta amsa, in ta ga ido ya fara lumshewa ta gajarta, ta kai ƙurunƙus. A wannan zama ne karin magana da kacici-kacici da karin harshen Zazzau ke wucewa daga baki zuwa baki.

Waɗannan abubuwa tafiyar hawainiya suke yi in aka gwada su da katun. Yaron da ya saba da hoto mai sauyawa kowace daƙiƙa yakan ga zaman jin labari ko kallon jerin tururuwa ya yi masa tsawo, ya ce ya gaji. Gajiyar nan ta rashin abin yi kuwa ita ce ke sa yaro ya ɗauki gwangwani da murfin kwalba ya ƙirƙiro wasa. Ba a ce komai ya ɓace ba. Tashe na nan da ransa daga goma ga azumi, kuma ranar hawan salla har yanzu iyaye na saɓa 'ya'yansu a wuya a Babban Dodo don su hango dawakin Sarkin Zazzau.

Yaye yaro daga waya

Iyayen da suka gwada sukan kwatanta shi da yaye, kuma kwatancen ya dace: kwanakin farko kuka ne da birgima, daga baya yaro ya haƙura ya nemi wani abin. Dabarun da likitoci ke bayarwa ba su da tsada. Kada a ci abinci da kallo, a kashe allo awa guda kafin barci, kada waya ta kwana a shimfiɗar yaro, a sanar da shi tun kafin lokacinsa ya cika. A sa shi cikin aikin gida gwargwadon ƙarfinsa, ko tsince wake ne ko ba kaji hatsi. Wasu kan kai shi gidan kakanni ya yi kwanaki cikin 'yan uwa, kamar yadda ake yi a yayen nono. Abu mafi wuya shi ne wayar manya, domin yaron da ya yi magana sau uku mahaifinsa bai ɗago kai daga WhatsApp ba ya riga ya ga inda hankali yake tafiya.

Ba kowane jinkirin magana ne laifin allo ba. Yaron da ya shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, a kai shi a duba shi, musamman kunnensa. A Zariya ana ganin likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau.