Mene ne "lokacin sikirin", kuma me ya yi wa barcin matasa a kullen korona?

Lokacin sikirin shi ne jimillar lokacin da mutum ya yi idonsa na kan fuskar na'ura mai haske a cikin yini guda, walau waya ce, ko talabijin, ko kwamfuta. Likitocin yara sun daɗe suna amfani da kalmar tun zamanin da talabijin kaɗai ne abin damuwar iyaye, amma ta shiga bakin jama'a ne sosai daga 2018, shekarar da kamfanin Apple ya saka wani ma'auni mai suna Screen Time a wayoyinsa, Google kuma ya fito da nasa mai suna Digital Wellbeing. Mafi yawan wayoyin Android na yanzu suna da shi a cikin saiti. In ka shiga za ka ga awa nawa ka yi yau, nawa WhatsApp ya cinye, nawa TikTok ya cinye, har da sau nawa ka buɗe wayar.

Sai dai ma'aunin nan ba ya rarrabewa. Wanda ya yi awa biyu yana bin darasin lissafi, da wanda ya yi su yana bitar hadda a manhajar Alƙur'ani, da wanda ya yi su yana ture bidiyo da yatsa ɗaya bayan ɗaya, duk lamba ɗaya zai ba su. Shi ya sa masana ba su tsayar da adadi guda ga matasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019, amma ta yara 'yan ƙasa da shekara biyar ce: jariri kada a ba shi sikirin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2016 ta bar tsohuwar dokarta ta awa biyu ga manyan yara, ta fi ƙarfafa abu biyu: a ajiye na'ura awa ɗaya kafin kwanciya, kuma kada a kwana da ita a ɗaki. A ganina nan ne zancen yake. Kafin a tambayi yaro awa nawa ya yi a waya, a fara duba da ƙarfe nawa ya ajiye ta.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci jiki. Akwai agogo a ƙwaƙwalwa wanda haske ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yana sakin wani sinadari mai suna melatonin, shi ne ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. Da yaro ya shiga balaga, lokacin sakin sinadarin nan yana ja da baya da kamar awa ɗaya zuwa biyu. Ɗan shekara goma sha biyar da ya kwanta ƙarfe tara idonsa ƙyar, sau da yawa ba taurin kai ba ne, jikinsa ne bai kai ga barcin ba tukuna. Alhali kuwa buƙatarsa ba ta ragu ba: masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare.

To sai waya ta zo ta hau kan wannan jinkirin. Haskenta, musamman ɓangarensa mai launin shuɗi, yana iya danne melatonin. An fi yawan maganar hasken, har wayoyi suka zo da saitin da ke mayar da fuskar ta yi ruwan ɗorawa da dare, amma ni na fi jin tsoron abin da ke cikin wayar. Hira a guruf ba ta da ƙarshe, bidiyo ɗaya na ƙarewa wani ya fara da kansa, wasan ƙwallo ko na harbi na cikin waya yana hana zuciya natsuwa. Mutum ba ya yin barci yana jiran amsar saƙon da ya ga an karanta. Ga kuma ƙarar saƙo da ke tashinsa bayan ya samu barcin ya ɗauke shi.

Kullen korona ya fito da duk wannan fili, kuma a Legas abin ya zo da nasa salon. A nan aka samu mutum na farko da ya kamu da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020. Gwamnatin jiha ta rufe makarantu daga 23 ga Maris, sannan shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja daga ƙarfe 11 na daren 30 ga Maris. An fara sassautawa ranar 4 ga Mayu, tare da dokar hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe, amma makarantu suka ci gaba da zama a rufe.

Duk wanda ya san Legas ya san garin sammako ne. Yaron da ke Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 yana tashi da kiran assalatu, ya yi layin banɗaki a gidan haya, ya fita neman danfo, wato bas ɗin haya, kafin cunkoso ya kama hanya, da yamma kuma ga Islamiyya. Waɗannan su ne ke riƙe masa agogo ko da jikinsa bai so ba. Dare ɗaya aka cire su duka. Babu boko, babu Islamiyya, babu jam'i a masallaci, babu ƙwallon yamma da za ta gajiyar da shi. Ya wuni a ɗaki bai ga rana sosai ba, hasken safiya kuwa shi ne babban abin da ke dawo da agogon jiki kan hanya.

Karatun da kansa ya koma cikin na'ura. Gwamnatin Legas ta riƙa sa darussa a rediyo da talabijin, makarantu masu zaman kansu da yawa suka buɗe guruf a WhatsApp. Ga kuma abin da mai nazari daga ƙasar waje ba lallai ya lura da shi ba: datar dare. Kamfanonin waya suna sayar da data mai rahusa daga wajen sha biyun dare zuwa asuba, a lokacin da mahaifi ɗan kasuwa ko ɗan acaba yake zaune a gida ba ya samun ko sisi. Uwa ta farka cikin dare ta ga haske yana fitowa ta ƙarƙashin zane, ta ce, "Kai, har yanzu ba ka kwanta ba?" Ya ce, "Umma, darasin da malam ya turo nake saukewa, da rana datar ba za ta isa ba." Gaskiya ya faɗa, ko da rabinta ce, kuma ba ta da abin cewa. Darasin ya gama sauka cikin minti goma, sauran datar kuma ba a barinta ta mutu a banza. Ƙara da wutar lantarki da ba ta da lokacin zuwa, in ta zo tsakar dare sai gida duka ya tashi caji. A watan Afrilu ma jita-jitar 'yan fashin da ake kira One Million Boys ta sa samari a unguwanni da dama kwana a bakin titi suna gadi, suna ƙona tayoyi.

Sannan azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu ana cikin kulle. Tarawihi a gida, tafsiri ta Facebook da rediyo. Yaro ya ga babu amfanin kwanciya tunda sahur na tafe, sai ya zarce, ya yi asuba, ya kwanta sai azahar. Wata guda cur ana haka ya isa ya juya agogon kowa.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a wancan lokacin ya nuna abu mai kama da juna: matasa sun riƙa kwanciya a makare, suna tashi a makare, lokacin sikirin ya ƙaru sosai. Abin lura shi ne da yawansu jimillar barcinsu ta ƙaru, saboda babu makarantar da za ta tashe su. Wannan ya nuna cewa tun kafin korona suna ɗauke da bashin barci. Wahalar ta bayyana ne da aka zo komawa. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a farkon Agusta, jarrabawar WAEC ta fara ranar 17 ga watan. Agogon jiki ba ya juyawa dare ɗaya, kaɗan-kaɗan yake matsawa. Yaron da ya saba barcin huɗun asuba sai ga shi a gaban takarda da safe, a lokacin da jikinsa ke ganin tsakar dare ne. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da aka karanta da rana, duk mai hadda ya san bambancin karatun da aka kwana a kansa da wanda ba a kwana ba.

Kullen ya wuce, ɗabi'ar ba ta tafi tare da shi ba. Ƙwace waya da faɗa ba ya cika yin aiki, yaron zai ari ta abokinsa. Abin da ya fi kama hanya shi ne a tsayar da lokacin tashi guda, har Asabar da Lahadi, kuma bayan sallar asuba in gari ya waye ya fita waje ya ga haske, ko da ɗebo ruwa ne ko rakiyar ƙanensa. Da dare a ware wurin caji guda nesa da shimfiɗa, duk wayoyin gidan su kwana a can, har da ta Baba, domin uban da ke kallon bidiyo har ɗayan dare maganarsa ba za ta yi nauyi ba. Idan datar dare ce matsalar, a sa abin ya sauka a kife wayar, a duba da safe. Idan kuma aka yi duk wannan makonni suka shuɗe yaro bai iya barci ba, ko ya daina cin abinci, ko ya janye daga mutane, to a kai shi asibiti, domin rashin barci yakan zo tare da ciwon damuwa, kuma wani lokacin wayar mafaka ce kawai da ya samu.