Camfi a Ƙasar Hausa

Camfi shi ne yarda da cewa wani aiki, ko wata alama, ko wani lokaci na jawo alheri ko sharri, alhali babu wata alaƙa ta zahiri tsakaninsu kuma addini bai zo da hakan ba. Bahaushe kan ce wanda ya yi shara da dare yana korar arziki, wanda tafin hannunsa ya yi ƙaiƙayi zai sami kuɗi, yaron da aka tsallake ba zai yi tsawo ba, mujiya kuwa in ta yi kuka a kan gida to mutuwa na tafe. Galibin camfe-camfe gajeru ne, jimla ɗaya ce mai sharaɗi da sakamako, kuma daga bakin iyaye mata da kakanni ake fara jin su. Ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Wasu ragowar addinin gargajiya ne, wasu sun shigo tare da littattafai da fatake daga gabas, wasu kuma an ƙirƙire su ne don tarbiyya ko don a bayyana ciwon da ba a san dalilinsa ba.

Maguzanci da iskoki

Kafin Musulunci ya kafu, Hausawa sun yi imani da iskoki, halittun da ba a gani masu zama a duwatsu da rijiyoyi da kurmi da manyan itatuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a kan Dala yana jagorantar bautar Tsumburbura, wadda mazauninta wata itaciya ce da aka kewaye da ganuwa. Babu mai shiga wurin sai shi, kuma baƙaƙen dabbobi ake kai mata: baƙin kare, baƙar kaza, baƙin bunsuru. Littafin ya ce Wangarawa, baƙi daga ƙasar Mali, sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), amma tsohuwar al'ada ba ta kau nan take ba, domin har zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) akwai itaciyar tsafi a birnin da sai da aka sare ta aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta.

Daga wannan tushe ne camfe-camfe masu yawa suka tsiro. Tsoron zama a gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, da hana zuba ruwan zafi a ƙasa kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye, da ɗaukar guguwa a matsayin tafiyar aljani, da hana fito da dare, duk suna komawa ga fahimtar cewa mutum ba shi kaɗai yake zaune a gari ba, yana da maƙwabtan da ba ya gani, masu saurin fushi. Bori shi ne ya tsara wannan fahimta sosai, ya ba iskoki sunaye da dangantaka da gari nasu, Jangare, da irin dabbar da kowane yake so. Kuturu, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi da Inna na cikin sanannu. Da Musulunci ya yi ƙarfi sai iskoki suka koma aljanu a bakin jama'a, aka raba su farare da baƙaƙe, Musulmi da arna. Wanda a da zai yi yanka yanzu bisimilla yake yi kafin ya watsa ruwan zafi, amma abin da yake gudu ɗaya ne.

Masu jihadi sun yi yaƙi da wannan gauraye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab da wasu littattafansa, ya soki masu yanka ga itatuwa da duwatsu da masu duba, kuma wannan na cikin hujjojin jihadin 1804. Turawa ma sun tattara abin da suka tarar: A. J. N. Tremearne ya buga littafi kan camfe-camfe da al'adun Hausawa a 1913, da wani kan bori a 1914, sannan Joseph Greenberg ya wallafa bincikensa kan Maguzawan Kano a 1946. Aikin Tremearne na da amfani wajen adana bayanai, sai dai a karanta shi da hattara, domin ido ne na hafsan mulkin mallaka da ke kallon komai a matsayin alamar ci-baya.

Abin da ya shigo daga waje

Ba duk camfin da ke ƙasar Hausa ne ɗan gida ba. Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta watan Safar da ake cewa bala'o'i na sauka a cikinta, ana samun irinta a ƙasashen Musulmi masu nisa kamar Indonesiya da Maleshiya. Wannan ya nuna ta hanyar malamai da littattafai ta iso, ba daga Maguzawa ba. Larabawan jahiliyya sun riga kowa camfa watan Safar, kamar yadda suka camfa mujiya da tashin tsuntsu, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kore waɗannan duka. Abin mamaki shi ne camfin ya yi tafiya tare da addinin da ya hana shi.

Akwai kuma waɗanda suka ɗoru a kan wani abu mai asali a addini sannan aka yi musu ƙari. Hadisi ingantacce ya yi umarni a tsare yara a gida idan dare ya fara shiga, saboda shaiɗanu na bazuwa a lokacin. Daga nan jama'a suka faɗaɗa: mai ciki in ta fita da magariba aljani zai musanya mata ɗa. Haka batun husufin wata. A garuruwa da yawa an saba cewa wata ya yi zazzaɓi ko rana ta kama shi, yara su fito suna kaɗa gwangwani da ƙwarya har ya saki. Abin da sunna ta koyar salla ce da addu'a, kuma lokacin da rana ta yi husufi ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu, Annabi da kansa ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Tarbiyya

Bayanin da aka fi ji a makarantu shi ne magabata sun ƙirƙiri camfi ne don su gyara yara. Akwai gaskiya a ciki. Mai shara cikin duhu zai iya haɗawa da allura ko kuɗi ya zubar. Zama a dokin ƙofa tare hanya ne. Tatsuniya da rana na hana aiki. Yaron da aka ce masa cin ƙwai na sa sata zai bar kaza ta ƙyanƙyashe. Amma wannan bayani ya yi sauƙi da yawa, domin yana mayar da magabata wasu masu wayo da ba su yarda da abin da suke faɗa ba, alhali tsohuwar da ke hana fito da dare ita ma tsoron take ji. Sau da yawa dalilin daga baya ake laƙaba shi. Haka abin yake a Turai: masu cewa tsoron Juma'ar da ta faɗo ranar 13 ga wata ya samo asali ne daga kama mayaƙan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, a Faransa ranar 13 ga Oktoba 1307 ba su da hujja, don ba a ga camfin a rubuce ba sai a ƙarni na 19.

Ciwo da mutuwa

A nan ne camfi ya fi nauyi, kuma ya fi ɓarna. Inda babu asibiti, kuma yara na mutuwa da yawa, dole mutane su nemi bayani. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana ana ce mata mai wabi, ana ganin yaro ɗaya ne ke tafiya yana dawowa. Don a yaudari mutuwa ko a nuna ba a damu da yaron ba, sai a kai shi juji a ɗauko, a sa masa suna irin su Ajuji, Ayashe ko Abarshi. Yarabawa na da abiku, Ibo na da ogbanje, fahimta kusan iri ɗaya. Masu bincike da dama sun danganta wani kaso na wannan da ciwon sikila, wanda ake gada: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittarsa, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa su ma sun ba da nasu kason.

Shan inna ya fi kowane misali fitowa fili. An yi imani Inna, wadda ake kuma kira Doguwa, ita ke shanye ƙafar yaro, saboda haka wurin boka ko 'yan bori ake nufa da shi. Ciwon kuwa ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata. Wannan tsohuwar fahimta, haɗe da jita-jitar cewa allurar na hana haihuwa, ta ƙara wahalar da aikin rigakafi, musamman da Jihar Kano ta dakatar da shi daga 2003 zuwa 2004. Sai a watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya da nahiyar Afirka. Zargin maita ma daga nan yake tasowa: yaro ya yi zazzaɓi mai zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a tilasta mata ta tsallake shi. Kusan kullum marasa gata ne abin ke faɗawa a kansu.

Sababbin camfe-camfe na ci gaba da fitowa, kuma waya ta ba su saurin da kakanni ba su da shi. A watan Agusta 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya zagaye Nijeriya cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga cutar. Mutane da dama sun tashi kafin asuba sun yi, an kwantar da wasu a asibiti, har sai da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito ta ƙaryata maganar.