Girmama Uwa Mai Tsarki a Tsakanin Hindu da Kiristocin Indiya

Masu nazarin addinai sun daɗe suna lura da kamannin da ke tsakanin yadda mabiya addinin Hindu ke bauta wa allahiyarsu Devi, wadda suke kira Uwa, da yadda Kiristocin Katolika da na tsofaffin cocin Gabas ke girmama Maryamu mahaifiyar Yesu. Kamannin ya fi fitowa fili a kudancin Indiya, inda mabiya addinan biyu ke zaune unguwa ɗaya, duk da cewa Kiristoci ba su wuce kashi 2.3 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba a ƙidayar 2011.

Babban misali shi ne Velankanni, wani gari a bakin teku a gundumar Nagapattinam ta jihar Tamil Nadu. A nan ne cocin Maryamu Uwar Lafiya yake, wadda Tamilawa ke kira Arokia Matha. Bisa labarin da aka gada, ta bayyana ga wani yaro mai kai madara, sannan ga wani gurgu mai tallan nono wanda ya miƙe ya yi tafiya, daga baya kuma matuƙan jirgin ruwa 'yan Fotugal da suka tsira daga guguwa suka gina mata ɗakin ibada. Fafaroma John na 23 ya ɗaga darajar cocin zuwa basilika, wato coci mai matsayi na musamman a Katolika, a 1962. Bikinsa na shekara yana farawa ranar 29 ga Agusta ya ƙare 8 ga Satumba, kuma Hindu da Musulmi na cikin masu zuwa.

Abin da baƙo zai gani a wurin kusan duk tsarin ibadar Tamilawa ne. Mutum-mutumin Maryamu sanye yake da sari. Ana buɗe biki da ɗaga tuta, a rufe shi da zagaya gari da mutum-mutumin a kan keken da aka ƙawata, kamar yadda ake yi a wuraren bautar Hindu. Wanda ya yi bakance ya sami biyan bukata sai ya aske kansa ƙwal, ko ya yi tafiya a kan gwiwa cikin rairayi, ko ya kawo kwakwa da kyandir. Mai ciwon ido yakan miƙa ɗan ƙaramin ido na azurfa, mai ciwon ƙafa ya miƙa ƙafa. A cocin Mount Mary da ke Bandra a birnin Mumbai da kaki ake yin irin waɗannan siffofi, har da na jariri da na gida, ga mai neman haihuwa ko muhalli.

Irin waɗannan bukatu ne ake kai wa Mariamman, allahiyar ruwan sama da cututtukan zafi irin su agana da ƙarambau, wadda babban wurin bautarta ke Samayapuram kusa da Tiruchirappalli. A can ma ana aske kai, ana miƙa siffar gaɓar da ta warke, ana riƙe ganyen darbejiya don sanyaya jikin majiyyaci. A wasu ƙauyukan Kerala ma mutane kan ce Maryamun cocinsu da allahiyar garinsu 'yan'uwan juna ne, zancen da malaman ɓangarorin biyu ba su koyar da shi.

Sai dai a aƙida tazarar tana da faɗi, kuma a nan ne masu saurin cewa abu ɗaya ne suke yin tuntuɓe. A wurin Hindu masu bin tafarkin Shakta, Devi ita ce ƙarfin da ya samar da duniya, ita ake roƙo kai tsaye. Durga tana bisa zaki riƙe da makamai, ta kashe Mahishasura mai siffar ɓauna; Mariamman kuwa ita ke saukar da cutar idan ta fusata, ita ke ɗauke ta. Maryamu a koyarwar Katolika mutum ce, halitta, kamun ƙafa ake yi da ita wurin ɗanta. Taron shugabannin coci da aka yi a Afisa a shekarar 431 ya tabbatar mata da laƙabin Theotokos, wato wadda ta haifi Allah, ne don kare matsayin Yesu, kuma cocin na bambanta girmamawar da ake yi mata da bautar da ta keɓanta ga Allah. Yawancin Furotesta ba su yarda da roƙo ta hannunta ba sam.

A watan Agustan 2024 ofishin kula da aƙida na Vatican ya aika wa bishop na Thanjavur wasiƙa yana yaba wa Velankanni. Wasiƙar ta ambaci yawan waɗanda ba Kiristoci ba da ke zuwa neman sauƙi, ta kuma ce bai kamata a ɗauki hakan a matsayin cuɗanya addinai ba.