Hanukkah ko Chanukah: me ya sa sunan biki ɗaya yake da rubutu barkatai?

Duk ƙarshen shekara, idan Yahudawa suka shiga bikinsu na kunna fitilu, mai bibiyar labarai da Turanci zai ga sunan bikin yana sauya kama. Wannan jarida ta rubuta Hanukkah, waccan ta rubuta Chanukah, wani a Facebook ya sa Hanukah, wani kuma Chanukkah. Biki ɗaya ne, sunansa ma ɗaya ne a Ibrananci. Rikicin yana farawa ne idan aka zo ɗora shi a kan haruffan boko.

Wane biki ne wannan tukuna?

Biki ne na kwana takwas, yana farawa ranar 25 ga watan Kislev a kalandar Yahudawa, wato tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. A shekarar 2024, alal misali, an kunna fitilar farko da yammacin 25 ga Disamba, ranar Kirsimeti. Asalinsa shi ne sarki Antiyokus na Huɗu, na daular Girkawa da ke mulki daga Sham, ya hana Yahudawa ibadarsu, ya kuma ƙazantar da Haikalinsu na birnin Ƙudus. Suka yi tawaye a ƙarƙashin Yahuda Makabi da 'yan'uwansa, suka ƙwato wurin, suka sake keɓe shi domin bauta a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa. Talmud, babban littafin malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa ɗan tulun man zaitun mai tsarki guda suka samu, wanda bai wuce na kwana ɗaya ba, amma ya ci kwana takwas. Shi ya sa ake kafa alkuki mai rassa tara: takwas na dararen bikin, ana ƙara kyandir ɗaya kowane dare, na tara kuma da shi ake kunna sauran. Ma'anar sunan ita ce keɓewa, ko a ce ƙaddamarwa.

Yaya ake rubuta shi da Ibrananci?

Haka: חנוכה, daga dama zuwa hagu kamar Larabci. Haruffa biyar ne, het, nun, vav, kaf da he. Idan an sa wasulla, wato ɗigogin da malaman Yahudawa na garin Tabariya suka tsara fiye da shekara dubu da suka wuce, sai vav ta fita, su koma huɗu. Babu Bayahuden da yake jayayya a kan wannan. Kalmar ma ta girmi bikin, domin tana kan Zabura ta 30, wadda ake karantawa a kwanakinsa.

To daga ina H da Ch suka fito?

Nan ne gizo yake saƙarsa. Harafin farko, het, ɗan'uwan ح na Larabci ne, wanda yake cikin Hasan da Halima. Daga maƙogwaro yake fitowa, kuma Turancin Ingilishi ba shi da harafin da zai ɗauke shi. Yahudawan Yaman da Iraƙi da wasu ƙasashen Larabawa sun riƙe furucinsa na dā, tun da a bakin maƙwabtansu suke jin sa kullum. Amma Yahudawan Jamus da Poland da Rasha, waɗanda ake kira Ashkenazi, sun mayar da shi mai karce-karce irin na خ, kuma wannan furucin ne ya rinjaya a Isra'ila ta yau.

Jamusanci kuwa yana da wannan sauti, yana rubuta shi da ch, kamar a sunan Bach. Don haka wanda ya yi boko da Jamusanci, in ya zo rubuta sunan bikin, Ch zai fara sawa ba tare da wani tunani ba. Yahudawan Jamus sun yi ta ƙaura zuwa Amurka tun tsakiyar ƙarni na 19, sannan daga 1880 zuwa 1924 wasu kimanin miliyan biyu suka biyo baya daga gabashin Turai, yawancinsu masu jin Yidish, harshen Yahudawan yankin. Da wannan ɗabi'ar rubutu suka shiga Turanci, Chanukah ta samu gindin zama. Masana harsuna kuma sun saba nuna het da h mai ɗigo a ƙasa, ḥ. Na'urar buga jarida da keken rubutu ba su da wannan ɗigo, sai ya faɗi, aka bar H tsurarta.

Saboda haka kowane rubutu yana nuna bakin da aka saurara da kuma makarantar da mai rubutun ya yi.

Idan na ga Chanukah, in karanta shi "Canuka" ke nan?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da ya kamata a kiyaye. Mai jin Turanci ya saba ch tana ba da sautin c namu na "cokali", amma a nan ba haka take ba. Ka furta خ in kana iyawa, in ba ka iya ba ka sa h. Tsoron wannan kuskure na cikin abin da ya sa rubutun H ya yi rinjaye: gara mutum ya faɗi h mai laushi da ya kawo sautin da ba shi da alaƙa da kalmar ko kaɗan.

K biyun fa, da h ta ƙarshe?

Wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan nan take. A cikin harafin kaf akwai ɗigo da ake kira dagesh, aikinsa aikin shadda ne. Masu rubuta kk suna nuna wannan shaddar. Masu rubuta k ɗaya suna bin kunne, domin Isra'ilawan yau ba sa ninka baƙin a magana. H ta ƙarshe kuwa harafin he ne, ana rubuta shi amma ba a furta shi, don haka wasu su sa, wasu su bari.

Akwai guda ɗaya da ba ta da madogara, ita ce n biyu, kamar a Hannukah ko Channukah. Nun ɗin kalmar ba ta da shadda. Mutum ne ya tuna akwai wani baƙi da ake ninkawa, sai ya ninka wanda ba shi ba. Ana ganin ta da yawa a katunan gaisuwa da intanet, amma ni dai ba zan koya wa kowa ita ba.

Babu wata hukuma da za ta tsayar da magana ɗaya?

Hukumomin ne ma suka yi yawa, kowace da buƙatarta. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press yana rubuta Hanukkah, jaridun Amurka da yawa suna bin sa. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya sa Hanukkah a gaba, ya kawo Chanukah a matsayin wani rubutun da ake yi. Ƙungiyar Chabad, wadda take kafa manyan alkukai a dandalolin birane a faɗin duniya, Chanukah take rubutawa. Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka yana sa Ḥanukah da ɗigonsa. Cibiyar YIVO, mai nazarin Yidish, tana rubuta Khanike, saboda haka masu Yidish suke faɗa. Idan ka fita daga Turanci sai ka ga kowane harshe ya ja zuwa gidansa: Jamusawa Chanukka, Faransawa Hanoucca, masu Sifaniyanci Janucá, domin j ɗinsu ita ce mai sautin خ.

Wannan sunan kaɗai ne yake da matsalar?

Ina! Duk inda het ta shiga haka ne. Shugaban Isra'ila na farko Chaim Weizmann ne, da Ch, amma birnin Haifa da H ake rubuta shi, alhali harafi ɗaya ne ya buɗe su. Yitzhak Rabin, tsohon firaministan Isra'ila, da h, bikin Pesach da ch, het ce a duka biyun. Sunan Yitzhak shi ne Is'haƙu a wurinmu, da ح a Larabci.

Mu ma mun san zafin wannan abu. Yarinya ɗaya sai ka ga Khadija a takardar makaranta, Hadiza a katin ɗan ƙasa, Khadijat a banki, ranar neman fasfo kuma a ce sai ta je kotu ta yi rantsuwa cewa duk ita ce. A Maraɗi a rubuta Ousmane, a Katsina a rubuta Usman, don kawai wannan Bafaranshe ya koya masa boko, wancan Bature ɗan Ingila. Abin da ya sami Hanuka ke nan tsakanin Jamusanci da Ingilishi.

Da Hausa fa, wanne ya kamata mu rubuta?

Shawarata Hanuka. Hausa ta daɗe tana mayar da ح da خ zuwa h, shi ya sa muke cewa Halidu da halifa da alheri. Ƙa'idar rubutunmu kuma ita ce a rubuta abin da ake faɗa, don haka h ta ƙarshe ba ta da aiki. Wanda ya fi son nuna shaddar ya rubuta Hanukka bai yi kuskure ba, tun da mu muna furta baƙi biyu sosai, kamar a "sakko". Ch ce dai ba ta dace da mu ba sam, domin Bahaushe zai karanta ta c.

In kuwa da Turanci kake rubutu, ka zaɓi guda ka tsaya a kanta daga farkon rubutun har ƙarshe. Idan sunan wata ƙungiya ko taken wani taro kake ambata, ka bar shi yadda masu shi suka rubuta.