Wai me ake nufi da haɗewar ƙashi da ƙarfe?

Wani abokina ɗan canji a Agege ya je a dasa masa haƙori bayan faɗuwar da ya yi a kan okada, da ya dawo sai mita yake wai likita ya nuna masa sukurun da za a ɗaura masa a muƙamuƙi, abu duk dishi-dishi ba ƙyalli, kuɗi masu yawa amma ko gogewa ba a yi ba. Na ce Alhaji ai wannan kaushin shi ka biya wa kuɗin.

Abin da likitoci ke kira osiyo'integreshan, wato haɗewar ƙashi da ƙarfe, ma'anarsa ƙashi mai rai ya tsiro ya manne da ƙarfen kai tsaye har su zama kamar abu ɗaya. Wani likitan Suwidin, Brånemark, ya lura da haka a 1952, ya sa ƙarfen taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo yana wani bincike daban, da ya zo cirewa abu ya ƙi fita, zuwa 1965 ya dasa wa mutum na farko.

To ina ruwan kaushi? Duk wanda ya taɓa leburanci a Lekki ya san birkila ba ya filasta a kan kankare mai santsi, sai ya sassare shi tukuna. Ƙwayoyin halittar jikinmu ma kusan haka suke, sai dai su ba siminti ba ne, suna da rai, lalube suke. Ƙwayar tana miƙa wasu siraran yatsu tana taɓa wuri, in ta samu rami ko tudu ta kama ta ja, kuma wannan jan yana kai saƙo har cikinta ya canja irin aikin da za ta yi. Shi ya sa ake fesa wa sukurun wani irin yashi da ƙarfi sannan a jiƙa shi a asid, ya yi ƴan ramuka na maikiromita 1 zuwa 2, maikiromita ɗaya kashi ɗaya cikin dubu na milimita kenan fa, ido ba ya gani amma ƙwayoyin gina ƙashi suna ji. In layi-layi aka zana kuwa sai su jeru su bi layin.

Matsalar dai ƙwayoyin cuta ma suna son ramukan nan, don haka ake barin wuyan sukurun da ke wajen dasashi da santsi. Alhaji dai an ce ya riƙa goge baki sosai, kuma ya haƙura da kilishi sai ƙashi ya kama, na ga alama wannan ya fi kuɗin yi masa ciwo.